Kuɗin gwamnati da aikin tsabtace gurɓatattun filayen jama'a: misalin Bagega (Zamfara, 2010-2013)

0. Gabatarwa

A kowace ƙasa ana samun wuraren da aikin ɗan Adam ya ɓata, sa'an nan aka tashi aka bar su: tsohuwar masana'anta, ramin haƙar ma'adini, ma'ajin maganin ƙwari, jujin bayan gari. Wasunsu muninsu kawai ke damun ido. Wasu kuwa guba ce kwance cikin ƙasarsu, tana shiga ruwa da abinci, daga nan ta shiga jinin mutane. Idan wurin na jama'a ne, kamar hanya ko kasuwa ko tabki ko filin makaranta, to nauyin gyaransa yakan faɗo kan baitulmalin gwamnati, ko da ba gwamnati ce ta ɓata shi ba.

Wannan maƙala za ta yi bayanin inda kuɗin irin wannan aiki suke fitowa, da abin da ke sa su makara. Za mu bi misali guda daki-daki, shi ne na garin Bagega da ke cikin jahar Zamfara ta Najeriya. A wannan jaha gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, akasarinsu a shekarar 2010. Mun zaɓi wannan misali ne saboda dalilai uku. Na farko, Zamfara ƙasar Hausa ce, kuma tana da iyaka da jahar Maraɗi. Na biyu, aikin da aka yi a can an auna shi, an rubuta alƙalumansa. Na uku, sana'ar da ta jawo masifar, watau haƙar zinariya da hannu, ana yin ta a Nijar.

Abin da muke son nunawa shi ne: a wannan aiki, ranar da kuɗi suka fito tana da nauyi daidai da yawansu, kuma abin da ke tsaida ranar nan shi ne tsarin da hukuma ta shimfiɗa tun kafin masifa ta auku.

1. Bayanin kalmomi

Hausa tana da kalmomi da dama na wurin da aka bari. Kango gini ne wanda ba kowa cikinsa, ko wanda rufinsa ya zube. Kufai wuri ne da gari ya taɓa zama aka tashi. Saura gona ce da aka bari ta huta. Kalmar Faransanci friche ta haɗa wani abu na dukansu. Amma babu ko ɗaya cikin kalmomin nan da ke ɗauke da ma'anar haɗari. Manomi ma yana son kufai, don ƙasarsa ta sha taki shekara da shekaru. Haka nan juji: abin da aka zuba cikinsa yana ruɓewa, a kwashe a kai gona.

Gubar da muke magana a kai ta saɓa wa wannan tunani ta fuska biyu. Ba a ganinta: tsakar gida na iya zama sharariya tas, alhali ƙasarta cike take da dalma. Kuma ba ta ruɓewa, don dalma ƙarfe ce, za ta iya zama cikin ƙasa shekaru ɗaruruwa ba ta canza ba. Saboda haka, cikin wannan rubutu za mu yi amfani da kalmomi kamar haka:

a) Gurɓataccen fili: wurin da awo ya nuna akwai guba cikin ƙasarsa ko ruwansa fiye da mizanin da aka amince da shi.

b) Tsabtacewa: kwashe gubar, ko rufe ta yadda ba za ta kai ga jikin mutum ba. Ma'anar ta bambanta da ta shara. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga masu sanarwa a rediyo, domin mai sauraren da ya ji "tsabta" tsintsiya zai ɗauka, tsintsiya kuwa ƙurar dalma take tayarwa.

c) Marayan fili: gurɓataccen filin da ba a san wanda ya ɓata shi ba, ko an san shi amma ba ya da halin biya. Shi ne site orphelin a Faransanci.

d) Filin jama'a: duk wurin da ke hannun gwamnati ko komin, ko wanda kowa ke amfani da shi ba tare da wani ya mallake shi ba.

2. Ƙa'idar "wanda ya ɓata shi ke biya" da iyakarta

A bisa ƙa'ida, kuɗin gyara kan wanda ya yi ɓarna suke. Ƙungiyar OCDE ta ƙasashe masu masana'antu ta amince da wannan ƙa'ida a 1972, kuma ta shiga sanarwar taron Riyo na 1992 a matsayin ƙa'ida ta 16. Amma tana aiki ne kawai in akwai wanda za a kama, kuma yana da abin biya. Sau da yawa kamfanin ya karye, ko ya canza suna, ko ya saida filin. Wani lokaci kuma masu ɓarnar dubban talakawa ne. A nan ne fili ke zama maraya, ya koma hannun gwamnati.

Amurka ce ta fara kafa babban tsari na wannan matsala, kuma dalilinsa filin jama'a ne. A wata unguwa mai suna Love Canal, cikin garin Niyagara na jahar Nuyok, kamfanin Hooker Chemical ya binne kimanin tan 20.000 na sharar sinadarai daga 1942 zuwa farkon shekarun 1950. A 1953 ya saida wa hukumar ilimi ta garin filin a kan dala 1, aka gina makaranta, gidaje suka kewaye ta. Da guba ta fara ɓullowa cikin gidaje, shugaba Jimmy Carter ya kafa dokar ta-ɓaci a 1978, aka kwashe ɗaruruwan iyalai. A watan Disamba na 1980 aka sa hannu kan dokar da ta kafa asusun da aka fi sani da Superfund, da dala miliyar 1 da miliyan 600, mafi yawansu daga lanho na musamman da aka ɗora wa kamfanonin man fetur da na sinadarai.

Dabarar wannan doka ita ce ta raba gyara da shari'a. Hukuma tana fara aiki da kuɗin asusu, daga baya ta bi mai laifi kotu. A shari'ar Love Canal, sai a 1995 kamfanin Occidental, wanda ya gaji Hooker, ya yarda ya biya gwamnatin tarayya dala miliyan 129, watau shekara 17 bayan dokar ta-ɓaci. Da an jira hukuncin kotu kafin a fara aiki, da yaran unguwar sun girma kan guba. Sai dai asusun kansa bai tsira daga siyasa ba: lanhon da ke ciyar da shi ya ƙare a 1995, aka koma dogara ga kasafin kuɗi na shekara-shekara, har sai da dokokin 2021 da 2022 suka maido shi.

Faransa ta bi wata hanya. Idan mai ɓarna ya gaza, prefe yana ba hukumar gwamnati ta ADEME umarnin kau da haɗarin da kuɗin ƙasa. Haka aka yi da filayen da ke kewaye da masana'antar narka dalma ta Metaleurop Nord bayan ta karye a 2003.

Abin lura cikin waɗannan misalai biyu shi ne, kafin matsala ta taso an riga an san hukumar da za ta yi aiki da inda za ta ɗauko kuɗi. Yanzu sai mu ga abin da ke faruwa inda ba a san haka ba.

3. Abin da ya auku a Zamfara

3.1. Asalin gubar

A 2001 kuɗin oza ɗaya na zinariya bai kai dala 300 ba a kasuwar duniya. A 2010 ya haura dala 1.200. Wannan tashi ya sa manoman ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka duƙufa ga haƙar dutse mai zinariya. Dutsen wasu ramukan yana ɗauke da dalma mai yawan gaske, fiye da kashi 10 cikin 100 a wasu samfurori da aka auna. Ana kawo shi cikin gari, a farfasa da guduma, a niƙa da injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya. Wani sashe na aikin cikin gidaje ake yin shi, inda mata ke daka dutse kusa da wurin girki. Ƙurar ta bazu a tsakar gidaje da lunguna da dandali, ruwan wanki kuma ya gangara cikin tafkuna.

Yaro ƙarami ya fi kowa shiga haɗari. A ƙasa yake rarrafe, hannunsa kullum yana baki, kuma jikinsa yana tsotse dalmar da ya haɗiye ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsewa. Alamun ciwon su ne amai, ciwon ciki, jijjiga da suma, abin da ya sa aka fara zaton sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières (MSF) suka lura da yawan mutuwar yara a yankin. Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da hukumomin Najeriya cikin ƙauyuka biyu ya nuna cewa daga cikin yara 463 ƴan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya bisa huɗu.

3.2. Dalilin da ya sa sai an gyara ƙasa kafin a ba da magani

Akwai maganin gubar dalma. Ƙwaya ce da ake kira DMSA, wadda ke kama dalmar da ke cikin jini ta fita da ita ta fitsari. Ana ba da ita ga yaron da dalmar jininsa ta kai mikirogaram 45 cikin desilita ɗaya. Amma in yaro ya sha magani ya koma rarrafe kan gurɓatacciyar ƙasa, gubar za ta sake cika jininsa, maganin ya tashi a banza. Don haka MSF ta tsaida cewa ba za ta buɗe shirin magani a gari ba sai an tsabtace shi.

Wannan shi ne ginshiƙin maganar. Abubuwa uku ne jere, kowane na jiran na gabansa: kuɗi su fito, a kwashe ƙasa, a ba yara magani. Duk watan da kuɗi suka yi ba su fito ba, wata ne da yaro ya yi da guba cikin jininsa. Wanda ya tsira da rai kuma na iya tashi da raunin ƙwaƙwalwa wanda ba ya warkewa.

3.3. Yadda aka yi aikin

Kamfanin injiniyoyi na TerraGraphics ne ya tsara aikin. Ya daɗe yana irinsa a Bunker Hill, wani yankin narka dalma na jahar Aidaho da ke cikin jerin wuraren Superfund, sai ya daidaita hanyoyin can da halin ƙauye. Ana auna ƙasa da na'urar hannu, gida-gida, lungu-lungu. Inda dalma ta wuce miligaram 1.000 cikin kilo ɗaya na ƙasa, a kankare saman ƙasar kamar santimita 5, a zuba cikin buhuna, a kai ramin da aka haƙa musamman a bayan gari, a binne, sa'an nan a shimfiɗa sabuwar ƙasa mai tsabta. Inda take tsakanin 400 da 1.000, a rufe da sabuwar ƙasa kawai. Mutanen garuruwan ne suka yi mafi yawan aikin, da fartanya da shebur. Sarakunan gargajiya kuma suka sa aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari.

Simba Tirima da abokan aikinsa sun buga sakamakon a 2016 cikin mujallar Environmental Health Perspectives. Daga 2010 zuwa 2013 an kwashe fiye da mita-kubik 27.000 na gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje da wuraren sarrafa dutse 820 cikin garuruwa takwas. Yawan dalmar ƙasa ya ragu da kashi 89 cikin 100. Yara 2.349 suka sami magani, kuma matsakaicin dalmar jinin yara ya sauko daga mikirogaram 149 zuwa 15. Dukan aikin ya ci kimanin dala miliyan 5, domin mutane kimanin 17.000. In aka raba, bai kai dala 300 kan kowane mutum ba.

4. Tafiyar kuɗin

4.1. Matakai uku

An yi aikin ne mataki uku, kuma kowane mataki da inda kuɗinsa suka fito. Na farko, a watannin Yuni da Yuli na 2010, an tsabtace Dareta da Ƴargalma da abin da aka harhaɗa cikin gaggawa daga gwamnatin jahar Zamfara, da MSF, da cibiyar Blacksmith, da shi kansa TerraGraphics. Na biyu, daga Oktoba 2010 zuwa Maris 2011, an tsabtace Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru, akasari da kuɗin asusun agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya. Saura Bagega, wadda ta fi sauran girma, kuma a gefenta akwai babban filin da aka yi ta niƙa da wanke dutse. Ita aka bar wa gwamnatin tarayya.

Gwamnati ta yi alkawarin naira miliyan 850, watau ɗan abin da ya haura dala miliyan 5, domin tsabtacewa da magani da koyar da hanyar haƙa marar haɗari. A babban taron da aka yi a Abuja cikin watan Mayu na 2012, MSF ta yi kira da a saki kuɗin, don an riga an yi watanni da alkawarin. Shekarar ta ƙare ba su fito ba. A lokacin, MSF ta ƙiyasta yara kimanin 1.500 ne a Bagega ke jiran magani. Wasu matasan Najeriya, ƙarƙashin shirin Follow The Money, suka tada kamfe a Twitter da Facebook, ƙungiyar Human Rights Watch ta mara musu baya. A ƙarshen watan Janairu na 2013 shugaba Goodluck Jonathan ya ba da izinin sakin kuɗin. Aka fara aiki, MSF ta fara ba yara magani a watan Afirilu, aka kammala tsabtacewa a watan Yuli.

Daga Maris 2011 zuwa farkon 2013, kusan shekara biyu ke nan ana jira. Aikin kansa bai wuce wata shida ba.

4.2. Me ya kawo jinkirin?

Rashin kuɗi ba zai zama dalili ba. Kasafin kuɗin tarayyar Najeriya na 2012 ya haura naira miliyar 4.000, watau abin da aka yi alkawari kusan naira 2 ne cikin kowace naira 10.000. Ƙasar kuma tana da asusu na musamman domin matsalolin muhalli tun 1981. A ganinmu, dalilan jinkirin huɗu ne.

Na farko, rarrabuwar iko. A tsarin mulkin Najeriya ma'adinan ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Filaye kuwa, bisa dokar 1978, suna hannun gwamnan jaha. Kiwon lafiya kowa na da hannu ciki. Ko a Abuja, maganar ta shafi ma'aikatu uku: ta muhalli, ta ma'adinai da ta kiwon lafiya. Inda mutum uku ke riƙe da igiya ɗaya, kowa na iya cewa ɗan'uwansa yake jira.

Na biyu, babu ƙa'idar da ke tilasta fitar da kuɗi. Awon ƙasa da na jini sun riga sun nuna haɗarin tun 2010, amma babu dokar da ta ce in awo ya kai kaza, kuɗi su fito cikin kwana kaza. Sai maganar ta koma neman sa hannun shugaban ƙasa, shi kuwa yana da dubban takardu a gabansa.

Na uku, kuɗin agajin waje na gaggawa ne. Da mutuwar yara ta ragu a ƙauyukan farko, sai masu ba da agaji suka ga lokaci ya yi da ƙasar za ta ɗauki nauyinta. Bagega ta faɗa tsakanin agajin da ya ƙare da kasafin da bai zo ba.

Na huɗu, kalandar ofis ba ta san damina ba. Da rani ake kwasar ƙasa. In ruwa ya sauka hanyoyin yankin sukan yanke, ƙasa ta zama taɓo, ruwa ya ɗauki guba ya kai inda babu ita a da. Jinkirin wata uku a ofis na iya zama jinkirin shekara guda a ƙauye.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da cewa matsalar ta tsari ce. A 2015 irin wannan guba ta ɓulla a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi, cikin jahar Neja ta Najeriya, ta kashe yara 28. An riga an san ciwon, an san maganinsa, akwai ma'aikatan da suka ƙware a Zamfara. Duk da haka sai da aka haura shekara guda, aka sake yin kamfe, kafin a fara kwashe ƙasa a 2016.

5. Sharuɗɗan tsari mai aiki

Daga abin da ya gabata, za mu iya fitar da sharuɗɗa huɗu.

a) Asusu mai maɓuɓɓuga tsayayya. Kuɗin da ake jira daga kasafin kowace shekara suna gasa da albashi da hanyoyi da tsaro, kuma su ake fara yankewa. Ya fi kyau a ɗaura asusun ga wani kaso na lanhon sana'ar da ke haddasa gurɓatar.

b) Ƙa'idar fitarwa. Misalin Najeriya ya nuna cewa kafa asusu kaɗai bai isa ba. Dole doka ta faɗi mizanin awon da ke buɗe asusun, da wanda ke da ikon sa hannu, da wa'adin da ba zai wuce ba.

c) Hukuma guda mai alhakin aiki, da ma'aikata da na'urorin awo, da rajistar gurɓatattun filaye wadda aka jera bisa girman haɗari. Filin da ba ya cikin rajista ba zai shiga kasafi ba.

d) Kuɗin kula bayan gyara. Ramin da aka binne guba cikinsa yana bukatar tsaro, kuma muddin ana haƙa, wani na iya sake kawo dutse gida. A Zamfara sai a 2022 MSF ta miƙa shirinta ga hukumomin jaha, shekara tara bayan an gama kwashe ƙasar Bagega.

Akwai sukar da ake yi wa wannan tsari, kuma tana da ƙarfi: in gwamnati za ta biya, ai an ba masu ɓarna lasisin ɓarna, an ɗora wa mai biyan lanho laifin wani. Amsar ta kasu biyu. Inda mai ɓarna kamfani ne, gwamnati rance take bayarwa, kuma wajibinta ne ta bi bashin, ko ma ta sa kamfanin ya ajiye kuɗin gyara tun yana cin riba. Inda kuwa masu ɓarna talakawa ne kamar na Zamfara, waɗanda ƴaƴansu ne suka mutu, babu abin da za a karɓa a hannunsu. Ribar zinariyar tana gaba, wajen dillalai da masu fitar da ita waje, kuma can ya kamata lanho ya same ta.

6. Ta wajen Nijar

Nijar tana da tushen doka. Doka mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998, wadda ta shimfiɗa tsarin kula da muhalli, ta ƙunshi ƙa'idar wanda ya ɓata shi ke biya, kuma ta tanadi asusun ƙasa na muhalli. Ƙasar tana kuma cikin waɗanda suka amince da yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan zaiba, wadda kashinta na 12 ya nemi ƙasashe su yi ƙoƙarin gano wuraren da zaiba ta gurɓata. Tambayoyin da Bagega ta tayar su ne ya kamata a yi wa waɗannan dokoki: mene ne ke shiga asusun, wane awo ke buɗe shi, wa ke sa hannu, cikin kwana nawa?

Wurare iri biyu ne suka fi bukatar wannan amsa. Na farko, wuraren haƙar zinariya da hannu. Ana wannan sana'a a Liptako, irin su Komabangu, tun shekarun 1980. A 2014 dubban mutane suka kwarara Jado. A 2021 aka sami zinariya a yankin Ɗan Isa na jahar Maraɗi, dab da iyakar Najeriya, inda ruftawar rami ta kashe aƙalla mutum 18 a watan Nuwamba na shekarar. Ba kowane dutse ke ɗauke da dalma ba, awo ne kaɗai ke nunawa. Amma zaiba da sinadarin siyanir da ake amfani da su wajen ware zinariya guba ne, kuma idan masu haƙa suka tashi, filin yakan zama maraya a hannun komin da ba ta da ko na'urar awo.

Na biyu, manyan ma'adinai. Kamfanin COMINAK na Akokan, kusa da Arlit, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, bayan ya fitar da kimanin tan 75.000 na uraniyom tun daga 1978. Ya bar tarin shara mai tururin nukiliya kimanin tan miliyan 20. Shirin gyaran da aka sanar a lokacin ya kai sefa miliyar 95, kuma ya ƙunshi rufe tarin da laka da dutse mai kaurin mita 2. A nan an san mai biya, amma gwamnati tana ciki ta fuska biyu: ita ce mai sa ido, kuma tana da kashi 31 cikin 100 na jarin kamfanin ta hannun SOPAMIN. A watan Yuni na 2025 kuma gwamnati ta maida kamfanin SOMAIR na Arlit mallakar ƙasa. Duk ƙasar da ta karɓi ma'adini tana bukatar ta san, tun yana aiki, inda kuɗin rufe shi za su fito, domin sharar uraniyom tana daɗewa fiye da kowane kamfani da kowace yarjejeniya.

7. Kammalawa

Mun ga cewa ƙa'idar wanda ya ɓata shi ke biya tana barin giɓi, kuma baitulmali ne ke cike shi, musamman a filayen jama'a. Mun ga kuma cewa a Zamfara an san hanyar gyara, kuɗinta ba su da yawa, sakamakonta ya bayyana cikin jinin yara. Abin da ya rage wa Bagega shi ne takardar izini, kuma ita ta ci kusan shekara biyu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga Nijar, aikin farko da za a iya yi ba tare da kuɗi masu yawa ba shi ne rajistar gurɓatattun filaye, jaha-jaha, tare da awon ƙasa da ruwa a wuraren haƙar zinariya da garuruwan da ake kai dutse niƙa. A wannan aiki jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas da Yamai suna da rawar takawa, ta fannin awo da kuma ta fannin kalmomin da za a yi wa jama'a bayani da su.